Ina son shiga tseren mota na gaske, ta ina ake farawa?

Sadiq_Golf3
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni, don Allah kada a mai da ita abin dariya. Shekarata 23, ina Kaduna, ina da wata Golf 3 da yayana ya bar mini. Tun ina sakandare nake bin Formula 1, in dai ranar tsere ce ko wasan ƙarshe na ƙwallo ake yi ba za ka gan ni a gidan kallo ba. Abin da nake son sani shi ne, mu nan, in mutum yana son shiga tseren mota na gaske, ba wasan mota na ranar ɗaurin aure ba, ta ina zai fara? Kuma wanne ne ɗan talaka zai iya taɓawa? Don na lura abin iri-iri ne, wani a kwalta, wani a daji, wani ma kwana ake ana yi. Wanda ya sani ya taimaka.

DanPanteka
Wa alaikumus salam. Matakin farko, ka sayar da Golf ɗin ka kama sana'a.

Sadiq_Golf3
Kun ji ko. Ko zama ban yi ba an fara.

Injiniya_Bashir
Ƙyale shi Sadiq, halinsa ne. Amma bari in fara maka da mai ɗacin. In Formula 1 ce a ranka, bakin alƙalami ya bushe, kuma ba iya tuƙinka nake rainawa ba, shekaru ne. Lewis Hamilton yana ɗan shekara 8 ya fara tsere da kat, 'yar motar nan mai kama da gadon ƙarfe da aka ɗora wa ƙaramin inji, ba ta da shakzoba, mazauninka kusan a ƙasa yake. Yana da 13 kamfanin McLaren ya ɗauke shi, a 1998 ke nan, amma bai taka Formula 1 ba sai 2007. Verstappen kuwa yana da 17 ya shiga a 2015, har hukumar tseren mota ta duniya, FIA, ta ga abin ya yi yawa ta tsayar da shekara 18.

Tsanin kuma dogo ne. Daga kat sai Formula 4, a bi ta Formula 3 da Formula 2. Abin da mutane ba su sani ba, a duk waɗannan matakan kai ne kake biyan ƙungiyar da za ta ba ka mota, ba ita ke biyanka ba. Kafin ka kai Formula 2 maganar miliyoyin yuro ake yi a kaka ɗaya. Bayan haka sai ka tara maki 40 daga gasannin ƙasa da ita kafin a ba ka babban lasisin. Kujerun kuwa duk duniya ba su wuce 22 ba. Uban Hamilton sai da ya riƙa haɗa aiki biyu har uku don ya sayi taya da mai, kuma a Ingila yake, inda filin kat yake kusa da gida.

Sadiq_Golf3
Tabɗi. Injiniya ai ka gama da ni.

Injiniya_Bashir
Formula 1 kaɗai na ce. Ita ce ta cika talabijin, shi ya sa kuke ganin kamar daga ita babu wani tsere.

Issoufou_Maradi
Ku yi mini uzuri, kat ɗin nan da kuke faɗi, kat-kat ce? Don mu nan kat-kat su ne irin su Land Cruiser da Hilux. Yaro ɗan shekara 8 ina ƙafarsa za ta kai totur ɗin kat-kat?

Injiniya_Bashir
A'a Malam Issoufou, wannan daban. Taku in ta taka wannan ko jin ta ba za ta yi ba, tsayinta bai kai gwiwarka ba.

Baba_Mai504
Yaran nan kun ishe mu da Hamilton. Ni na yi shekara goma sha ina jan haya tsakanin Kaduna da Jos da Peugeot 504, Fijo dai, wadda ake haɗawa nan Kakuri a da. Ita wannan motar da kuke cewa ta tsofaffi, ita ta ci ralin Safari na Kenya a 1975, ta sake ci a 1978. Yayarta 404 sau huɗu ta ci a shekarun 1960. Ba a kwalta mai sulɓi ba fa, a taɓo da burji da gargada, irin hanyar da muka sani. In tseren da ya yi kama da ƙasarmu kake nema yaro, rali ne. Motar da ake shiga da ita asalinta motar gida ce da aka gyara.

Abba_Turbo
Baba a gafarce ni, ta 1978 ɗin ba irin taku ta haya ba ce. Mai ƙofa biyu ce, injinta V6. Ta 1975 ce mai ƙofa huɗu, wadda Ove Andersson ya ja.

Baba_Mai504
To zakin da ke gabanta ɗaya ne ko ba ɗaya ba?

Abba_Turbo
Ɗaya ne Baba. Na yi shiru.

Sadiq_Golf3
Baba na gode. Amma ni ralin nan har yau ban gane yadda ake sanin wanda ya ci ba. Duk bidiyon da na kalla mota ɗaya nake gani tana gudu ita kaɗai.

Injiniya_Bashir
Don ba da juna suke tsere kafaɗa da kafaɗa ba, da agogo suke yi. Ana rufe wani yankin hanya, a saki motoci ɗaya bayan ɗaya da tazarar 'yan mintoci, a rubuta lokacin kowa. Gobe wani yankin. Ranar ƙarshe a haɗa, wanda lokacinsa ya fi kaɗan shi ya ci. Tsakanin yanki da yanki kuwa kan titin kowa da kowa suke bi, da lamba da fitila da sigina, in suka karya doka a kama su kamar kowa.

Kuma mutum biyu ne a ciki. Na gefe yana riƙe da littafi yana karanta wa direba hanya tun kafin ya gan ta: kwana ta dama mai tsanani bayan mita 100, tudu, kada ka yanke akwai dutse a ciki. Direba ya taka totur ya shiga kwanar da idonsa bai gani ba, don kawai na gefe ya ce a buɗe take. In na gefe ya tsallake layi ɗaya a littafin, sai dai a ciro su daga rami.

DanPanteka
Wato karen mota mai digiri.

Ghali_Agadas
Salamu alaikum. Na daɗe ina karatu a zauren nan ban taɓa magana ba, yau kun taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ku kuna kallon abin a waya, mu a ƙofar gidanmu ya wuce. Ina ɗan lakkol a shekarun 1980 lokacin da ralin Faris-Dakar yake biyowa ta Agadas, wasu shekarun ma a nan suke hutun tsakiyar tafiya. In watan Janairu ya kama, gari sai ya canza. Jirage ƙanana su cika filin jirgi, masu gidaje su ba nasara haya su koma wajen dangi, kuɗin komai ya hau, har burodi.

Abin da ba na mantawa shi ne dare. Direbobi sun je sun kwanta, makanikai kuwa a lokacin aikinsu ya fara. Mu yara mu laɓe bayan igiyar da jandarma suka ja, ga sanyin hunturu yana shiga ƙashi, muna kallo ƙarƙashin fitilar janareta. Na ga mutum huɗu sun sauke giyabos ɗin mota gaba ɗaya sun ɗora wani, ba hayaniya, kowa ya san sifanar da zai miƙa hannu ya ɗauka. An shimfiɗa tamfol, kowane noti da inda ake ajiye shi don kada rairayi ya haɗiye shi. Da asuba a ta da ita, ƙararta har cikin ciki kake jin ta. Masu babur su ne abin tausayi, da yawansu ba su da makanike, mutum ya yini cikin hamadar Tenere ya iso fuska duk ƙura, leɓe ya tsage, ya zauna ya canza tayarsa da kansa. Mu kuwa burinmu bai wuce sitika da hula ba, muna bin su muna kado, kado, wato a ba mu kyauta.

Amma in faɗi gaskiya, ba duka ne daɗi ba. Motocin nan sun kashe mutane a ƙauyukan da suke ratsawa, har da yara, a ƙasashe daban-daban na hanyar. Tsofaffinmu da yawa ba sa ƙaunar abin.

Hauwa_Zinder
Kawu Ghali ka tuna mini da labarin da babanmu yake ba mu. Shi wanda ya ƙirƙiro abin ba a nan Nijar ya mutu ba?

Ghali_Agadas
A'a 'yata, a Mali ne. Thierry Sabine sunansa. A 1977 ya ɓace da babur cikin hamada yana wani tsere daga Abijan zuwa Nis, da aka tsinto shi da rai sai ya ce wannan wurin ya kamata a kawo mutane. Na farko ya tashi daga Faris ranar 26 ga Disamba 1978, ababen hawa 182 suka tashi, 74 suka ga Dakar. Shi kuma jirgi mai saukar ungulu ne ya faɗi da shi a Mali a Janairun 1986, ana tsakiyar tseren. Abin da ya haɗa shi da Nijar a mutuwa shi ne tokarsa, an watsa ta wajen wata bishiya tilo a Tenere, har yau da sunansa ake kiran ta. Mano Dayak, wanda aka sa wa filin jirginmu sunansa, yana cikin waɗanda suka yi aiki da shi. A 1997 ma daga Dakar aka taso aka zo Agadas aka juya aka koma.

Abba_Turbo
Yanzu kuma sunan ne kawai ya rage. An soke na 2008 saboda barazanar tsaro a Murtaniya, aka kai shi Kudancin Amurka daga 2009, tun 2020 kuma a Saudiyya ake yi. Dakar ba Dakar. A 2025 ma ɗan ƙasar ne ya ci, Yazeed Al-Rajhi, da Toyota Hilux. Malam Issoufou ga kat-kat ɗinka nan.

Kanawa_Dabo
Ku daina yi mana gori da Agadas. A 1974 an yi wani rali daga Landan aka ratsa Sahara aka zo har Kano aka juya zuwa Munik ta Jamus. Wasu 'yan Ostareliya ne suka ci da Citroën. Ko da me ka zo an fi ka.

Lawal_Kebbi
Mu ma a bikin kamun kifi na Argungu akan yi ralin motoci. Sai dai gaskiya wanda na gani ya fi kama da ayari da nuna motoci fiye da tseren agogo irin wanda Injiniya ya kwatanta.

KingDrift_Abj
Duk kun tafi tarihi kun bar yaro a tsaye. Sadiq ka zo Abuja ranar Lahadi ka ga yadda ake juya mota. Dirif, wato zamar da bayan mota a kwana da gangan, shi ne abin da muke da shi a ƙasa yanzu, ba sai ka jira wata hukuma ba. Sai dai Golf ɗinka ba za ta yi ba, da tayar gaba take ja. Ka nemi tsohuwar BMW ko Benz mai jan baya.

Maman_Ilham
Kai ɗan nan, Allah ya shirye ka. Ni da na ga kan maganar na yi niyyar wucewa, amma wannan ba zan yi shiru ba. Shekara uku ke nan, ranar kai amarya a layinmu, samari suka zo da motoci suna wannan juyin a bakin titi, ƙura ta tashi, yara suka zagaye suna ihu. Ɗaya ta ƙwace masa. Ɗan maƙwabciyata, shekararsa tara, an aike shi sayen magi ne ya tsaya kallo. Ni na riƙe uwar a asibiti. Takalminsa ɗaya sai washegari aka tsinto shi cikin kwata. Wanda ya yi abin ko lasisi ba shi da shi, motar babansa ya ɗauko. Aka taru aka ce ƙaddara, aka ba da haƙuri, shi ke nan. Don haka in an ce wasan mota ni wannan takalmin nake gani.

Baba_Mai504
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba iyayensa haƙuri.

KingDrift_Abj
Allah ya jiƙansa Hajiya. Amma mu ba a cikin unguwa muke yi ba.

Maman_Ilham
A ina kuke yi? Akwai katanga tsakaninku da masu kallo? Akwai motar asibiti a tsaye?

KingDrift_Abj
Babu.

Injiniya_Bashir
Tambayoyin Hajiya su ne ainihin abin da ya raba wasan ƙwararru da ganganci. Shi dirif a kansa gasa ce da ake yi a duniya, daga Japan ya fito, kuma ba wanda ya riga isa ne yake ci ba, alƙalai ne suke ba da maki kan yadda ka karkatar da motar da layin da ka bi. A Afirka ta Kudu akwai irin nasu na juya BMW 325i a wuri ɗaya, a unguwanni ya fara kamar namu, daga baya aka shigar da shi fili mai shinge aka ba shi dokoki.

Su ma Turawan da jini suka koya. A tseren Le Mans na Faransa a 1955 mota ta tashi sama ta faɗa cikin 'yan kallo, sama da mutum 80 suka mutu rana ɗaya. A rali an soke rukunin motocin da ake kira Group B bayan 1986 don sun fi ƙarfin hanya, ga jama'a suna tsayawa a tsakiyar titi sai mota ta zo su dare. Senna, zakaran Formula 1, ya mutu a filin Imola na Italiya a 1994. Kowace doka da ka gani a littafinsu, wani ne ya mutu aka rubuta ta.

Malam_Sanusi
Ni tambayata, wannan duka bai shiga jefa kai ga halaka ba? Ayar tana nan a Baƙara. Mutum lafiyarsa ƙalau ya shiga ƙarfe yana gudun kilomita 300 don a ba shi kofi.

Hauwa_Zinder
Malam to sukuwa fa? Ana faɗowa daga doki a karye, wani ma a rasa shi, ban ji an hana ba. Kuma Grosjean na Formula 1 motarsa ta rabe biyu ta kama da wuta a Bahrain a 2020, ya fito da ƙafarsa, hannuwansa ne suka ƙone. Direban da ya yi lodin mutum tara a Golf ya kama hanyar Zariya da daddare da taya mai faci uku, wa ya fi kusa da halaka tsakaninsu?

Malam_Sanusi
Shi mai lodin ma ban wanke shi ba. Zan dai tambayi na gaba da ni, ban ce haramun ba ne, tambaya na yi.

Oga_Sule_Makanike
Ni bari in dawo kan Golf ɗin, tunda ita ce a hannu. Sadiq, shekara 20 ina kwance ƙarƙashin irin motarka. Duk yaron da ya zo mini da maganar gudu, abin da yake fara cewa shi ne a cire salansa a sa mai ƙara. Ƙara ba gudu ba ce. Ka bar injin yadda yake, ka fara da abin da zai tsayar da kai.

Man birki: yaushe rabon da a zubar da shi gaba ɗaya a sa sabo? Na san amsar, ba a taɓa ba, ƙari kawai ake yi. Man birki yana shan ruwa daga iska a hankali. A tuƙin gari ba za ka ji komai ba. Amma ka taka shi da ƙarfi sau goma a jere ya yi zafi, ruwan nan ya tafasa ya zama tururi, sai ka ji feda ta tafi har ƙasa kamar ka taka soso. Na taɓa gani da idona a gangara, ba na fatan in sake.

Taya: ka duba gefenta akwai lamba huɗu a cikin ɗan zagaye, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2314, an yi ta a mako na 23 na 2014, ko zanenta bai cinye ba robar ta mutu. Yawancin 'yan Beljiyam ɗin da muke saye haka suke.

Sai kejin ƙarfe na cikin mota. Kada ka yarda wani mai walda ya lanƙwasa maka bututun ruwa ya ce ya yi maka. In ta kife wannan bututun ne zai karye ya soke ka. Kuma keji ba hular kwano ba bel mai riƙe kafaɗu biyu, ya fi babu haɗari, don kanka ne zai daki ƙarfen.

DanPanteka
Oga Sule ka bar zagin masu walda, muna nan. Amma gaskiya ka faɗa, bututun da ake yin sa da shi marar ɗinki ne, kuma sai an yi masa faranti a ƙasa inda zai zauna. In aka kawo mini zane da awo zan yi. Da ka ba zan yi ba.

Sadiq_Golf3
Oga Sule na fita na duba yanzu. Ta gaba 1116, ta baya ɗaya ma lambar ta goge. Kunya ta kama ni.

Nura_Lag
Sadiq kafin ka kashe ko sisi a kan motar, ka nemi inda ake hayar kat ka yi ko minti 15. Ni ina ganin kaina direba, shekara takwas ina tuƙi a Legas. Na je wani wuri da abokan aiki, wani yaro da bai fi 12 ba ya wuce ni sau biyu a cikin zagaye goma. Na sauko hannuwana suna rawa, washegari ko cokali da ƙyar. Mai kula da wurin ya ce mini matsalata ina shiga kwana da gudu in fito a hankali, shi kuwa yaron yana gama birkinsa tun motar tana miƙe, ya shiga a natse, ya taka totur tun daga tsakiyar kwanar. Ya ce kuma in daina kallon tayoyin da aka jera a gefe, inda ido ya tsaya nan mota take zuwa. Da na gwada sai da na rage kusan daƙiƙa biyu a zagaye, kuma a jikina ji nake kamar na rage gudu ne. Agogo ba ya kara.

Abba_Turbo
Akwai kuma na kwamfuta, kada a raina shi. Jann Mardenborough ɗan Birtaniya ta wasan PlayStation ya ci gasar da Nissan ta shirya a 2011, aka ba shi motar gaske, a 2013 ya zo na uku a rukuninsa a Le Mans. Verstappen kansa in ba ya fili yana gida yana tsere ta intanet. Sitiyari da feda na kwamfuta sun fi taya huɗu sababbi araha in ka samu na hannu.

DanPanteka
Kana kan gaba a zagayen ƙarshe a ɗauke wuta.

Issoufou_Maradi
Le Mans ɗin nan ita ce ta kwana? Mutum ɗaya awa 24?

Abba_Turbo
Ita ce, a Faransa, tun 1923. Direba uku ne suke karɓa-karɓa a mota ɗaya, wanda ya fi yawan zagaye cikin awa 24 shi ya ci. Amurkawa kuma nasu daban, fili kamar faranti suna ta zagayawa hagu, NASCAR da Indy 500. NASCAR ɗin ma asalinta masu safarar barasa ta ɓoye ne, suna gyara mota ta fi ta 'yan sanda gudu, a waje kuma ka gan ta kamar ta kowa.

Issoufou_Maradi
Ashe 'yan fito ne. To wallahi in haka ne muna da zakaru tsakanin Maraɗi da Jibiya ba a sani ba. Ka ga an ɗaga bayan mota an ƙara mata sifirin, ba fitila, cikin daji. Kofi ne kawai ba a ba su.

Hauwa_Zinder
Ni abin da ya dame ni duk maganar maza ake. Michèle Mouton ta zo ta biyu a gasar rali ta duniya a 1982 da Audi Quattro, Jutta Kleinschmidt ta ci Dakar ɗungurungum a 2001. Ni kujerar mai littafin nan nake so, lissafi da natsuwa take buƙata. Sadiq in ka gyara motar ka neme ni.

DanPanteka
Sai an tambayi Malam Sanusi.

Auwal_Jidda
Ina aiki a Jidda, na shiga kallon Formula 1 sau ɗaya a filin bakin teku, da daddare ake yi. A talabijin kana ganin mota tana tafiya, a fili kuwa kafin ka juya wuya ta wuce, sai warin roba. Amma abin da ya tsaya mini shi ne masu kaya ruwan lemo da suke tsaye bayan shinge da tutoci da abin kashe gobara. Na yi hira da ɗaya bayan an tashi, ashe 'yan sa kai ne, shi ma'aikacin ofis ne, horo aka ba su. Rawayar tuta haɗari a gaba ba a wuce kowa, ja a tsaya, shuɗiya ka ba na bayanka hanya. Ba su, ba a tsere ko ɗaya. Ga makanikai, ga masu duba mota kafin a bar ta ta shiga, ga masu riƙe lokaci. Wanda ya fara ta nan yana sanin mutane, kuma a harkar nan sanin mutane rabin jari ne.

Injiniya_Bashir
Sadiq ga abin da zan yi in ni ne kai. Akwai mafi ƙanƙantar gasa da ake yi da motar gida: fili a rufe, a jera robobi a zana hanya, mota ɗaya a lokaci ɗaya, giya ta biyu ba a wucewa, a riƙe agogo, wanda ya ture roba a ƙara masa daƙiƙa. A Ingila da Amurka dubban mutane da wannan suke farawa, wasu ma a nan suke tsayawa har tsufa. Golf 3 ta isa. Ku haɗu ku goma, ku sami mai fili ya yarda a rubuce, ku sanar da hukuma, 'yan kallo nesa bayan shinge, ba yara. Lasisin gasa kuma ƙungiyar da FIA ta sani a ƙasarku ce take bayarwa, a Najeriya ATCN ce, ka tuntuɓe su ka ji abin da suke da shi a ƙasa.

Kuma ka sa ido kan Ugo Ugochukwu, mahaifiyarsa 'yar Najeriya ce, ya ci tseren Macau a 2024. Sai dai shi ma a Amurka aka haife shi, a can da Turai ya yi kat. Rabon Afirka da Formula 1 tun 1993 a Kyalami ta Afirka ta Kudu, ko da yake Ruwanda ta fito fili a 2024 ta ce tana nema.

Baba_Mai504
Ni dai har yanzu rali na ce. Robobi kuma? Kamar masu koyon mota a filin idi.

KingDrift_Abj
Hajiya Maman Ilham, na yi magana da mutanenmu kan shinge. Wasu sun ce kuɗi, wasu sun ce in an sa shinge armashin ya tafi. Ban san yadda za ta kaya ba.

Maman_Ilham
Ka ce su zo in kai su gidan uwar yaron su faɗa mata maganar armashi.

Sadiq_Golf3
Na gode ƙwarai jama'a. Oga Sule zan kawo motar ranar Asabar a zubar da man birkin, taya kuma sai an yi albashi, biyu zan fara saye. Nura turo mini kwatancen wurin kat ɗin ta akwati. Maganar fili ce ban san ta inda zan ɓullo mata ba. Akwai wanda ya san mai babban fili da katanga a Kaduna ko Zariya, wanda ba zai kore mu ba da ya ji an ce mota?

DanPanteka
Robobin dai ni zan kawo, ina da tsofaffin jarkoki sun fi talatin. Sababbin tayoyin a gaba za ka sa ko a baya?

Oga_Sule_Makanike
A baya.

Abba_Turbo
Haba Oga, mota mai jan gaba? Bari in dawo daga masallaci, wannan sai mun yi ta.